Ranar da Gardi Ɗantala Ya Binciki Surukarsa

A shekarun yaƙin Jamus, lokacin da Faransi da Ingilishi suka yi hannun riga, kumandan, Baturen mulki na Dogon Dutsi, ya sa doka: duk baƙon da ya tsallako daga ƙasar Ingilishi sai an gan shi ido da ido, ya faɗi sunansa da na wanda ya zo wurinsa, a duba zanen fuskarsa. Wanda bayaninsa bai gamsar ba, a raka shi bakin iyaka da kayansa a ka. To, mu dai a Arewar Dogon Dutsi ba mu taɓa ganin iyakar nan ba. Mutum zai kwana a ƙasar Faransi, ya yi noma a ta Ingilishi, akuyarsa ta yi ɓarna a duka biyun. Amma Nasara ya ce akwai ta, kuma ba a musu da mai bindiga.

A cikin gardawan, wato dogaran gwamnatin Faransi, da ke raka jandarma wannan aiki, babu wanda ya kai Ɗantala zaƙewa. Dogo ne, da jar hula da bulalar dorina, ga murya wadda in ya daka tsawa a bakin kasuwa sai jakuna su daina cin dusa. Shi ke kiran sunan baƙo, shi ke kama haɓarsa ya juya fuskar dama da hagu, ya faɗa wa tafinta irin zanen da ke kunci. Yana jin daɗin aikin nan ƙwarai, kada ma wani ya ce maka tilas aka yi masa.

Sai ran nan aka ce gobe rangadi ya faɗa Dumega. Nan take hankalin Ɗantala ya tashi, domin a Dumega gidansa yake, kuma a cikin gidan akwai baƙuwa daga ƙasar Ingilishi, surukarsa.

Ga yadda abin ya faru. Matarsa Habsatu 'yar Kangiwa ce, can ƙetaren iyaka. Haihuwar fari ta zo mata, kuma bisa al'ada gidan iyayenta ya kamata ta je wankan jego, amma hanya a rufe. Da labari ya kai wa uwarta Kubra cewa haihuwar ta zo da gardama, yarinya na kwance ko kai ba ta iya ɗagawa, sai tsohuwa ta ɗaura kanwa da daddawa a kan jaki, ta ratso daji ba ta nemi iznin kowa ba. Tun zuwanta ita ke tafasa ruwa safe da yamma, ita ke fyaɗa mata ganyen sabara, ita ke dama kunun kanwa. Habsatu kuwa ba ta karɓar komai sai daga hannunta. Yanzu ne ma ta fara zama da kanta, ga arba'in da sauran nisa. Ɗantala ya sani sarai, in aka kori tsohuwar nan yana iya rasa matarsa, kuma tsoron haka ya hana shi cin tuwo.

Sai dai akwai wata matsalar. Ɗantala, duk tsawarsa, bai taɓa kallon fuskar surukarsa ba. Yaushe ma? Ƙafafunta kawai ya sani, da tarinta. In zai gaishe ta sai ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna, idonsa a ƙasa. Tun da ta sauka gidan ma, duk ran da ya zo hutu ta bayan danga yake shiga kamar ɓarawon kaji, don kada su yi kiciɓis a tsakar gida. Sunanta kuwa, ko a mafarki bai taɓa fita daga bakinsa ba.

Da safe suka kama hanya: jandarma a kan doki, wato wani Nasara da rana ta dafa wa ƙeya har ake ce masa Jan Wuya, sai tafinta, mutumin Dahome mai Hausar kasuwa, sai Ɗantala a ƙasa. Tun kafin su yi nisa ya fara neman dabara. Ya ce ya ji ana agana a Dumega. Jan Wuya ya ce an yi masa lamba. Ya ce rijiyar garin ta ƙafe, doki zai wahala. Jan Wuya ya ce doki ba nasa ba ne, na gwamnati ne. Daga nan Ɗantala ya ja bakinsa, ya koma yi wa Allah kirari a zuci.

Maigari ya riga ya tara baƙi a gindin gawo: wani mai goro, wani wanzami, da makiyaya biyu da su kansu ba su san ko su na wace ƙasa ba ne. Ɗantala ya yi aikin a gurguje, ko tsawa ɗaya bai yi ba, har mai goro ya tambaye shi ko lafiya. Yana gamawa ya ƙame ya ce baƙi sun ƙare. Har Jan Wuya ya sa ƙafa a likkafa, sai maigari, tsoho mai gaskiyar da ba a tambaye shi ba, ya gyara murya.

"Saura tsohuwar gidanka, Ɗantala. Mun aika mata, ta ce ba ta barin tukunya bisa wuta don wani Nasara."

Tafinta ya juya maganar tsaf, bai rage ko gishirinta ba. Jan Wuya ya sauke ƙafa, ya dubi Ɗantala tun daga hula har takalmi, ya ce a kai shi gidan.

Rabin gari ya biyo su. Suka tarar da Kubra a tsakar gida, ta juya wa ƙofa baya, tana iza wuta a gindin wata ƙatuwar tukunya. A bakin zaure Ɗantala ya tsaya cak. Aikin gardi ya ce ya ƙame kusa da Nasara, tarbiyya ta ce ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Sai ya raba gardama: ya tuɓe takalmi ɗaya, ya rage tsawo rabi, hannu a goshi yana sarawa, ido a ƙasa. Jan Wuya ya tambaya ko cikinsa ke ciwo.

"Inna, mun same ku lahiya?" in ji Ɗantala, da wata 'yar murya da ba a san shi da ita ba.

"Lahiya lau," ta amsa wa tukunya.

Tafinta ya ce, "Gardi, kira sunanta."

Ɗantala ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce maƙogwaronsa ya bushe. Aka kawo masa ruwa a ƙwarya, ya shanye tas, ya ce har yanzu da saura. Kubra ce ta gaji, ta faɗi sunanta da na garinsu, shi kuwa ya dinga tari da ƙarfi don kada kunnensa ya ɗauka.

"To, duba zanenta," in ji tafinta.

Wai ya kama haɓar surukarsa. Jama'ar da ke leƙe ta kan danga suka yi tsit, wata tsohuwa ta fara salati. Ɗantala ya matsa taki ɗaya, ya tsaya, ya ƙura wa ƙafafunta ido.

"Ita ce," ya ce. "Ga lalle ya koɗe, ga farcen babban yatsa a karkace. Na shaida ta."

Tafinta ya ce gwamnati ba ta rubuta yatsa, fuska ake tambaya. Zane nawa a kunci? Ɗantala ya ce zai yi uku. Ko biyar. A wane ɓangare? Ya ce duk inda Allah ya sa. Jan Wuya ya zagaya da kansa ya leƙa fuskar tsohuwa, ya ga babu zane ko ɗaya, wuyansa ya ƙara ja. Daidai nan jariri ya tsala kuka a ɗaka, Nasara ya tambaya ɗan wane ne. Ɗan fari ne fa, a gaban suruka, a gaban gari. Ɗantala ya dubi sama ya ce, "Na nan gidan ne, ina ji."

Kai, ko ni ne Nasaran nan sai na yi zargi. Ga mutum bai san sunan baƙuwarsa ba, bai san fuskarta ba, bai san ɗan da ke kuka a ɗakinsa ba. Jan Wuya ya tabbata ya kama 'yar leƙen asirin Ingilishi, da gardinsa a ciki. Ya sa aka kawo masa turmi ya kife ya zauna, ya ce yanzu ita zai tambaya, kuma duk wanda ya sa mata baki zai kwana a kaso.

"Wurin wa kika zo?" in ji tafinta.

"Wurin yarinyar da ke ciki."

"Mece ce ita a wurinki?"

"Ɗiyar mutanen gidanmu ce."

"Ke kika haife ta?"

Kubra ta gyara itace a murhu. "Haka mutane ka cewa."

"Yaya sunanta?"

Kubra ta ƙara tura itace a wuta. Ai kowa a wurin ya san inda aka zo. Habsatu 'yar fari ce, kuma mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Tun ran da aka raɗa wa yarinyar nan suna, Kubra ba ta taɓa furta shi ba. Sai dai "ke", ko "waccan". A kan haka ake yabonta a Kangiwa, a ce a je a koyi kara wurin Kubra.

Maigari ya yi ƙarfin hali ya ce al'ada ce, ranka ya daɗe. Jan Wuya ya ce duk wanda ya kama sai ya ce masa al'ada ce. A ƙasarsu ko mahaukaciya ta san sunan 'yarta. Ya miƙe ya kaɗe wando, ya yanke hukunci: a ɗaura wa jakinta kaya yanzu, kafin la'asar ta bar ƙasar Faransi, kuma Ɗantala ne zai kora ta har iyaka.

Ɗantala ya manta da Nasara, ya manta da hula, ya zube gaba ɗaya a bayan tsohuwa. Bai taɓa yi mata magana da ta wuce gaisuwa ba, amma yau ya yi.

"Inna, ku yi mani rai. In kunka tahi, ba ta tashi. Ni ban iya komi ba sai tsawa."

Kubra ba ta juyo ba. Ruwa na ta tafasa, tana kallonsa. Tafinta ya aika a kwanto jaki. Sannan ta ajiye icen da ke hannunta, ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta fuskanci Nasara kamar wadda za a yi wa sakiya.

"Habsatu," ta ce.

Ta yi niyyar faɗa a hankali, amma bakin bai saba ba, sai sunan ya fito da ƙarfi, har bayan danga aka ji.

Daga cikin ɗaka wata siririyar murya ta amsa, da sauri, da rawa a cikinta.

"Na'am, Inna."

Babu wanda ya yi dariya. Matan da ke kan danga suka sunkuyar da kai. Ko Jan Wuya, da ba ya jin Hausa, bai nemi a juya masa ba. Ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi tsohuwa, ya soshi ƙeyarsa, ya ce wa tafinta ya rubuta ta zauna har ta gama abin da ya kawo ta. Gardi kuma, in ji shi, ya sa ɗayan takalminsa, ya bar ba gwamnati kunya.

Kubra ba ta yi godiya ba. Ta kwashi ruwan zafi a masaki, ta ɗauki ganyenta, ta nufi ɗaka tana faɗa, ranta a ɓace, wai an tara mata gari an zubar mata da mutuncin da ta yi shekaru tana tari.

Jama'a suka watse, Nasara ya yi gaba. Ɗantala ya tsaya neman takalminsa a zaure, sai ya jiyo uwa da 'ya ta cikin zana.

"Wa ya kira ki da za ki amsa?" in ji tsohuwa. "Da Nasara nike magana."

"Na sani, Inna," in ji Habsatu. "Ki ƙara hwaɗi. Ba kowa yanzu."

"Ji mani marar kunya. Juya bayanki, ruwa na hucewa."

Ya ji ƙarar ganye a cikin ruwa, ya ji an fyaɗa sau ɗaya, sau biyu. Can sai ya ji tsohuwa ta sake faɗin sunan, ƙasa-ƙasa, ya kuma ji matarsa tana kuka tana dariya a haɗe. Tausayi da daɗi suka cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Gardi guda, da bulala a kugu, ya zauna a dandariyar zaure yana share ido da jar hular gwamnati, tafinta na can bakin hanya yana ta ƙwala masa kira.