Ketura Tana Cin Abinci

Ni ne na miƙe a coci bara, wata ranar Lahadi, na ce wa jama'a, "Ku taya mu addu'a, 'yata Ketura ba ta cin abinci." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce ta daina barci ba, ban ce tana jin muryoyin da mu ba ma ji ba, ban ce an kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa ba. Bakina bai iya ɗaukar waɗannan ba a lokacin. Abinci kuwa kowa ya san shi.

A cocinmu na unguwar Galtimari akwai wani tsari. Idan ka kai roƙon addu'a a kan mara lafiya, Zumuntar Mata takan ɗauki gidanka. Kullum mace ɗaya za ta kawo kwano. Ba sa dainawa sai ranar da mai gidan ya sake miƙewa gaban jama'a ya yi godiya, ya ce mara lafiya ya warke. Kafin wannan rana, ko mara lafiyar ƙwallo yake bugawa a ƙofar gida, kwano zai zo.

Ketura ta dawo daga asibiti a rame, ƙashin wuyanta a waje, amma idanunta sun dawo nata. Maganin da aka ɗora ta a kai ya karɓe ta. Ta soma barci, ta soma tsokanar uwarta, ta koma kan keken ɗinkinta. Tun ranar sallama likitar ta gaya mana cewa wannan magani yana buɗe ciki, kuma jiki yakan riƙe abin da aka ci. Ni da na ga yarinya tana kallon tuwo kamar dutse, sai na ji kamar an ce mini maganin yana zuwa da gyara.

To, ciki ya buɗe, kwanuka kuma suna zuwa. Yau shinkafa da miyar gyaɗa, gobe tuwon masara, jibi doya da ƙwai. Maƙwabciyarmu Ya Falmata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta ga matan coci suna shiga suna fita da kwano, sai ranta ya ɓaci.

"Malam Manasse, ni na mutu ne?" ta ce da ni. "Mutanen nesa su ciyar da 'yata, ni ina nan ina jin tarinta?"

Daga ranar ta shiga layi, ita kuma ba ta da ranar hutu. Takan shigo da burabusko da miyar yakuwa, mai yana yawo a sama, ta shimfiɗa tabarma ta zauna, ta yi wa Ketura sannu da yarensu. "Wushe, wushe, 'yata. Ci in gani." Ba ta tashi sai ta ga ƙasan kwano.

Wata ya bi wata. Kumatun Ketura suka fito, na yi murna. Hannunta ya cika, na yi murna. Da ta soma farke rigunanta tana ƙara musu ƙyalle a gefe, matata Salomi ta same ni a gindin darbejiya ina wanke ƙafa.

"Baban Ketura, yaushe za ka yi godiyar nan?"

"Da sauran lokaci."

"Wane lokaci? Yarinya tana ɗinki, tana zuwa kasuwa. So kake sai ta kasa shiga ƙofa?"

"In na miƙe na ce ta warke, ciwon ya dawo fa?"

"Ciwon yana zuwa coci ne da zai ji ka?"

Na san ciwo ba shi da kunne, ni ma na yi makaranta gwargwado. Amma duk ranar da na yi niyyar miƙewa, sai in tuna yadda muka same ta zaune a bayan gida tana magana da bango, sai in fasa. Ban da haka, ta yaya zan ce ta warke alhali kullum da yamma tana haɗiyar ƙwaya? In ce ba ta warke ba, sai a tambaye ni ciwon mene ne.

Sai na samo dabarata. Ni masinja ne a wata makaranta, ina tashi daga aiki da wuri. Na riƙa tsayawa a ƙofar gida ina tare kwanon Zumuntar Mata kafin ya shiga ciki. In karɓa da hannu biyu, in ce Ketura tana hutawa, in zaga bayan ɗaki in zauna da shi. Abincin addu'a ba a zubar da shi, ba a kuma mayar da shi. Cikina kaɗai na ga zai iya rufa mana asiri.

Abin da ban lissafa ba shi ne Mama Phebe, shugabar Zumuntar Mata. Ita ce take bin sawun kwanuka.

"Ta ci?" ta tambaye ni.

"Ta ci, Mama."

"Ta cinye?"

"Tas."

"Allah mun gode. Ashe ƙaramin kwano muke kawo wa yarinyar nan."

Mako na gaba suka koma kawo kula mai hawa biyu. Ni kuma na soma huda sabon rami a bel ɗina da ƙusa. Ketura ba ta ragu ba, domin hancinta ya fi dabarata, kuma yunwar maganin ba ta san kunya ba. Takan zago bayan ɗakin ta same ni, ta ce, "Baba, matsa," mu ci tare, kowa yana kallon gefe.

Ranar da abin ya daina ba ni dariya, wata Talata ce da yamma. Salomi ta miƙa mata ƙwayarta da ruwa kamar kullum. Ketura ta karɓa, ta ajiye a kan keken ɗinki, ta zuba mata ido.

"Yau wata mata ta kawo ɗinki," ta ce. "Ta dube ni ta ce, 'Ashe kin yi aure ba mu ji ba, wata nawa ne?'"

"Ki rabu da ita, ba ta da hankali," na ce, sai daga baya na ji abin da bakina ya faɗa.

"Ni tela ce, Baba. Tef ba ya yi mini ƙarya. In na hau matakalar shago sai na tsaya na huta. Gwiwata tana ciwo. Na gaji. Kafin maganin nan ba haka nake ba."

"Kafin maganin nan kin san yadda kike," in ji Salomi a hankali.

"Na sani, Mama. Shi ya sa zan sha ta yau." Ta haɗiye ƙwayar. "Zan sha har ranar ganin likita. In ba a yi wani abu ba, na daina. Ba na ɓoye muku."

Daga ranar har muka je asibiti, abinci bai yi mini daɗi ba, ko da yake ban fasa cinye na Zumunta ba.

Likitar yarinya ce, da kaɗan ta girmi Ketura, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka gyara zama. Ta ɗora Ketura a ma'auni, ta aika aka duba sukarin jininta, sannan ta saurare ta har ta gama, ba ta katse ta ba.

"Kin yi daidai da kika faɗa, ba ki daina a ɓoye ba," ta ce. "Ƙibar nan ba laifinki ba ce, maganin yana da hannu. Amma in kika yanke shi, ciwon zai iya dawowa, ya fi na da ƙarfi. Akwai wasu magungunan, in ta kama za mu canza a hankali, ni da ke. Sai dai wannan ya karɓe ki, ba na son mu taɓa shi kafin mu gwada abin da ke hannunmu. Me kike ci a rana?"

Ketura ta soma lissafi. Ta faɗi na gida, ta faɗi na Zumunta, ta faɗi na Ya Falmata, ta faɗi lemon kwalba da masu zuwa dubiya suke kawowa. Likita ta ajiye biro.

"Ke kaɗai?"

"Baba yana taimaka mini."

Likita ta dube ni ta saman tabarau, daga wuya zuwa ciki. "Baba, kai wane magani kake sha?"

"Ba na shan komai, Likita."

"Hau ma'aunin nan mu gani."

Na hau. Ba zan faɗi abin da ya nuna ba. Ketura ta yi dariya har da hawaye, rabon da in ji irin wannan dariyar tun kafin ciwon.

Likita ta ce a bar lemon kwalba, a rage tuwo a ƙara ganye da wake, a riƙa tafiya da ƙafa kullum kafin rana ta yi zafi. Ta ce kada a sa ta yunwa, kada kuma a sa mata ido a kan kowace loma. Sannan ta tambaya, "Wa zai iya tsayar da kwanukan nan?"

Ita da Ketura suka juyo suka dube ni.

Ranar Asabar na samu Ketura tana yanka atamfa. Na tambaye ta me ta yarda in faɗa, domin ciwon nata ne, ba nawa ba.

"Ka faɗi gaskiya, Baba. Ai sun sani."

"Wa ya sani?"

"Kowa. Mama Phebe ta gan mu a layin karɓar magani tun watan farko. Kai kaɗai ne kake ɓoyewa."

Ranar Lahadi, da Fasto ya ce masu godiya su fito, Salomi ta sa mini gwiwar hannu a haƙarƙari. Na miƙe. Tafiyar daga benci zuwa gaba ba ta taɓa yi mini nisa haka ba.

"Jama'a," na ce, "Ketura tana cin abinci."

Aka ce amin, aka yi tafi.

"Tana ci sosai."

Wani daga baya ya ce, "Ba ita kaɗai ba," aka fashe da dariya. Dariyar ce ta kwance mini harshe. Na ce musu ciwon ƙwaƙwalwa ne ya same ta, ta samu sauƙi, amma za ta ci gaba da shan magani, kuma maganin yana sa ƙiba. Na ce likita ta ce abincin ya yi yawa. Na gode wa kowace mace da ta hura wuta saboda 'yata. Na roƙe su, don girman Allah, su bar kawo kwano.

Ba wanda ya kawar da kai, ba wanda ya matsa daga kusa da Ketura. Sai Mama Phebe ta miƙe tana gyara ɗankwali.

"Fasto, ina da tambaya. Wannan godiya ce ko roƙo? In godiya ce, bai ce ta warke ba. In roƙo ne, Zumunta ba ta sakin gidan da ke da mai shan magani. Ba mu taɓa yi ba."

Fasto ya dube ni, na dubi Fasto. Sai na ji muryar Ketura daga cikin mawaƙa.

"Mama, kada ku sake ni. Wadda ranarta ta zo, ta bar kwano a gida, ta zo ta raka ni tafiya da safe."

Mama Phebe ta dubi ƙafafunta, ta dubi sauran matan. "Tafiya zuwa ina?"

"Ba ko'ina. Mu je mu dawo."

"Mutum ya tafi ba ko'ina," in ji Mama Phebe. Ta zauna tana girgiza kai, amma ba ta ce a'a ba.

Ya Falmata ta fi wuya, domin ita ba ta da Fasto da za a kai ƙara wurinsa. Ta ce ita a garinsu yarinya in ta cika, cewa ake ta samu lafiya. Ta ce likitocin yanzu duk ramammu ne, shi ya sa suke baƙin ciki. Ketura ta zauna kusa da ita a tabarma, ta kama hannunta ta ɗora a kan gwiwarta mai ciwo, ta ce, "Ya Falmata, in na ci gaba da ƙiba zan bar maganin, in na bari kin san inda zan koma." Daga baya aka daidaita a kan ranar Juma'a kaɗai, ƙaramin kwano, miya ta fi burabusko yawa.

"Kai kuma, Malam Manasse," ta ce, "ko ɗanɗane ban yarda ba."

Litinin da sassafe Mama Phebe ta iso da takalmin ɗanta na ƙwallo. Suka kama hanyar GRA, unguwar manya, inda inuwar darbejiya take da yawa, ni ina biye da su daga nesa don kada wani abu ya faru. Abin da ya faru shi ne Mama Phebe ta zauna a kan wani kututture ta ce a kira mata keke mai ƙafa uku. Washegari wata ta zo, jibi wata. Waɗansu suna da sauri, waɗansu surutu ne ya kawo su. Akwai wadda ta zo da ƙosai a jaka, ta ce ba kwano ba ne, Ketura ta ci biyu ta miƙa wa mai gadin wani gida sauran.

Da muka koma asibiti, ma'auni bai sauka yadda na yi fata ba. Ya dai daina hawa, har ya ɗan ja baya kaɗan. Likita ta ce haka ake so, a hankali, kuma za ta ci gaba da duba sukarin. Ketura ta taɓe baki, ta ce wahalar ta fi ladan yawa. Amma da muka fito, ita da kanta ta shiga layi ta karɓi maganin wata mai zuwa, ta jefa a jaka.

"Za ki sha dai, ko?" na tambaye ta.

"Zan sha."

"Kullum?"

"Baba, in ka sake tambayata, da ƙafa za mu koma Galtimari."

Na kama bakina. Da muka isa bakin titi na ɗaga hannu zan tare keke, sai ta kama hannun ta sauke shi.

"Ai ban sake tambaya ba," na ce.

"Na gani a fuskarka. Mu je, in ka gaji ma hau a gaba."