Tayin Mai Katifa

…kuma har yanzu shiru. Wayar tana kan benci, fuskarta a sama, baƙa wuluk. Mai Katifa ta kalle ta, ta kau da kai, ta sake kallo. Da safe bai kira ba. Azahar ta wuce bai kira ba. Mutumin da ko kan famfo ya canja a gidansa sai ya bugo ya ba ta labari, yau an yi masa tayi ya yi gum?

To. Dama abin da take son gani ke nan. Ko ba shi ba?

Auta. Autanta. Mai aiki a sito na kamfanin magani, mai albashi, mai mata da tsohon ciki… shi ne ya zauna a kan waccan katifar, da ledarta da komai, ya buɗe kwamfuta a cinya yana zuba mata bayani kamar mai wa'azi. Sunaye zan saya, Mama. Sunan wa, na mutane? A'a, adireshi ne na intanet. Duk mai kamfani sai ya sami sunan da za a rubuta a same shi. In ka riga shi kamawa, dole ya zo ya saya a hannunka.

Wannan ta gane. Kama wuri ne. Ita da ta kama shagon nan tun titin bai ga kwalta ba, ita za a koya wa kama wuri?

Wutsiyar ce ba ta kwanta mata ba. Kowane suna da ɗigo a bayansa, bayan ɗigon 'yar wutsiya. Tsohuwar, wadda kowa ya sani, dot kom, wai masu kyanta an kwashe tun yana rarrafe. Saura sababbi. An ƙirƙiro su rututu — ta shago, ta gida, ta likita, ta wasa, ta uwar me ma — da arha, Mama, kamar kyauta. Kamar kyauta! Ita duk ranar da aka ce mata kamar kyauta sai ta dafe jakarta tukuna.

Ashe ma ba saye ba ne, haya ce. Wannan bai faɗa ba sai da shekara ta zagayo. Ta farko a ba ka a banza, ta biyu a ɗaga maka farashi, ka ƙi biya suna ya kuɓuce wani ya ɗauke. To wa ke ci? Mai wutsiya. Yana can kwance a ƙarƙashin fanka, wawaye na tura masa…

Ta dai saka kuɗi. Awarwaronta ta kai wa mai zinari da hannunta. Rabi nata, rabi nasa, in an sayar a raba. Ba don ta yarda da wutsiya ba. Don yadda ya kalle ta ne. Tun da ubansa ya rasu bai nemi komai a wurinta ba sai wannan.

Wata mata ta shigo, tana danna katifa da gwiwa. Danna, baiwar Allah, danna. Wannan kaya ne da ake dannawa, a shinshina, a ɗaga a ji nauyi. Ta taya, ta taɓe baki, ta fice. Sauka lafiya. Ko ba ta saya ba, an ga shigarta an ga fitarta.

Shi kuwa? Ko ɗaya bai sayu ba — in ji shi. In ji shi! Ita a ina za ta gani? Katifa in ta fita, gurbinta na nan a jikin bango, fari fes, ƙura ba ta taɓa ba. Suna in ya fita wa ya gani? Ya danna abu a ɗaki, kuɗi su faɗo masa a waya, ya fito yana sosa kai: kasuwa ba ta buɗe ba, Mama, sai haƙuri. Haƙuri… sai ga sabon labule a falonsu. Sai ga gadon jariri mai gidan sauro. Yayar matata ce ta ba mu, Mama. Yayarta? Wannan yayar da in ta ba ka ruwa sai ta tsaya ta karɓi kofinta?

Ubansa ma haka. Allah Ya jiƙansa, amma haka. Fuska kamar ta liman, murya ƙasa-ƙasa, kullum kasuwa ba daɗi. Tana zaune tana ɗinke masa wuyan riga, tana tausayinsa har da ƙwalla… sai ranar zaman makoki wani direba ya durƙusa a gabanta, wai ga makullin motar marigayi. Wace mota? Ta haya, Hajiya, ai da daɗewa. Da daɗewa! Mutane cike da tsakar gida, ta miƙa hannu ta karɓa kamar ta sani. Har yau in ta tuna sai kunnenta ya ɗau zafi.

Jini ne. Ko ba jini ba ne? Yana yaro in ya yi ƙarya wuya yake sosawa. Yanzu a waya suke magana, ina za ta ga wuya?

Sabuwar kasuwa, can bayan tasha. Rumfuna a jere, fenti na ƙyalli, kowa na rububi, wai nan gaba nan ne gari. Ita ma har ta je ta leƙa. Aka kama, aka kulle, aka zauna jiran mai saye. Ba wanda ya tashi daga tsohuwa. Ƙafar mutane ta saba da hanya, ba a juya ta da fenti. Yatsa ma haka yake, dot kom zai buga ko barci yake. Yau je ka ga rumfunan, awaki ne ke shan inuwa. Ta faɗa masa wannan. Ya yi dariya. Mama, ke komai sai kin kawo awaki.

To in awaki ne, labulen daga ina? In kuma ba awaki ba ne, rabonta yana ina? Ɗaya dai. Dole ɗaya.

Shi ya sa shekaranjiya ta shiga shagon Mai Fotokwafi, maƙwabcinta, dattijo mai bakin da ke da sakata. Kowane suna Auta ya yi masa shafi, da ɗan akwati inda mai so zai rubuta tayinsa. Ta zaɓi wanda ya fi yabo, na gidajen haya, mai sabuwar wutsiyar gida. Buɗe sabon imel. Ka ce kamfani ne daga wata ƙasa. Ka sa Turanci mai maiƙo. Farashi? Ta faɗi mai tsoka, irin wanda zai sa marar gaskiya ya haɗiye yawu. Mai Fotokwafi ya zare tabarau. Hajiya, ɗanki ne fa. Ai shi ya sa. Rubuta.

In ya kira ya faɗa daidai, shi ke nan, ta wanke zuciyarta, ba wanda ya ji. In ya rage, ta san nawa yake yanka. In ya yi shiru…

Ga shi ya yi shiru.

Matarsa ce. Ita ce za ta ce masa bari tukuna, tsohuwa me ta sani, ga haihuwa tafe. Da ladabinta da durƙusonta, sannu Mama, ina gajiya Mama. A'a… yarinyar ba ta taɓa yi mata komai ba. To ai masu yi ba sa —

Waya na ruri. Shi ne.

Ta bari ta ɗan yi ƙara. Kada ya ji kamar jira take.

"Mama! Kina zaune? Zauna. An yi tayi!"

Ya faɗi farashin. Daidai. Ko sisi bai rage ba. Alhamdu lillahi. Ɗan halak. Ɗan halak ne, ya Allah, ba ubansa ba ne… Ta ce to me ya hana shi kira tun jiya?

"Tsayawa na yi in tabbatar ba 'yan damfara ba ne. Ba su nemi in tura komai ba, kin ga na gaske ne. Ke kika koya mini ai." Dariya. Sai murya ta sauka. "Mama, wallahi na yi niyyar wannan makon in sake su duka. Na gaji. Na ce awakinki sun yi gaskiya, kunya ce ta hana ni faɗa miki. Sai ga wannan. In ɗaya ya kai haka, sauran fa? Da safen nan na sabunta su gaba ɗaya, har na ƙaro wasu. Da kuɗin da muka ajiye na asibiti, amma kada ki damu, kafin ta haihu sun dawo. Na ce musu su ƙara. Ba a karɓar tayin farko."

Ba a karɓar tayin farko. Wannan ma ita ta koya masa.

Ta ce Allah Ya sa albarka. Bakinta ne ya faɗa, shi kaɗai. Ya kashe.

Ashe da zai sake su. Wannan makon. Da ta zauna a shagonta ta kama bakinta, da yanzu ya fito da kansa, da ƙafarsa… Kuɗin asibiti. Mai wutsiya ba ya mayarwa, an biya an biya. Cikin nan ya sauko, ta gani da idonta ranar da ta je, yarinyar na tafiya tana riƙe ƙugu.

In ta kira shi ta faɗa masa fa? Ni ce. Kalma biyu. Ni ce, Auta. Sai ya ce don me, Mama? Don me… Don labule? Ta dubi ɗan da ya tsaya tantance 'yan damfara kafin ya faranta mata rai, ta ce masa ɓarawo na ɗauke ka?

Ko ta saya. Da me? Ta sayar da shago ta sayi sunan da rabinsa nata ne, ya kawo mata rabonta yana murna, ya zuba nasa a sababbin wutsiyoyi?

Ko shiru. Kamfani ya ɓace, kamar yadda masu taya katifa ke ɓacewa. Sai ya jira. Zai jira, ta san shi. Baɗi ya sabunta, baɗin baɗaɗa ya sabunta, duk wanda ya ce masa bari ya ce ai an taɓa yi mini tayi…

Ke kika koya mini ai. Me yake nufi? Dariyar nan… ya gane ne? Ya gane yake ja mata rai? A'a. A'a, tsohuwa, ya isa. Ya isa haka. Yanzun nan ya wanke kansa, ga ki kin sake —

Inuwa a bakin ƙofa. Mai Fotokwafi ne, tabarau a goshi, waya a hannu, bai shigo ba.

"Hajiya, ya turo amsa, wai a ƙara. Har da godiya. Me zan ce masa?"

Me za a ce masa… Ta buɗe baki. Ledar katifa na motsi a iskar fanka, mutumin yana tsaye, yatsansa a kan waya.