Jirgin da Gara Ta Ƙi Ci

Tun zamanin da aka tare kogin Binuwai a Lagdo ruwa ya kwanta ya zama tafki, mahaifin Oumar ya haɗa jirginsa na kamun kifi. Ya shafe katakon da wani mai da ya samo wurin masu gwangwan a Garwa, man tsohuwar tiransifoma. Duk shekara idan ruwa ya ja sai a kife jirgin a gaɓa a sake shafawa, a ɗauraye bokitin a lungun tafkin da ake ɗaure jirgin. Jiragen mutane suka ruɓe, aka sake, suka kuma ruɓewa. Wannan yana nan. Tsohon yakan bugi cikin jirgin ya ce, "Man nan ba ya mutuwa."

Tsoho ya mutu, jirgi ya dawo hannun Oumar. Har yau in rana ta gasa katakon, warin nan yakan tashi, sai ya ga kansa yana yaro a gaba yana kwarfe ruwa, tsohon a baya yana masifa, giwan ruwa kwance tsakaninsu kamar ɗan maraƙi.

Bana 'yarsa Mardiya ta zo wankan jego daga Maruwa, inda ta yi karatun ruwa da ƙasa a jami'a. A gidansu kuwa mai jego ba ta da abincin da ya wuce farfesun cikin giwan ruwa, mai kitsen nan. Shi aka ba uwarta, shi aka ba kakarta. Oumar ya sha wuya kafin ya kamo ɗaya a bakin lungun. Aka dafa, aka kai mata, kwano ya dawo a rufe.

Ya tsaya a ƙofar ɗaki. "Ke, boko ne ya hana ki cin kifin ubanki?"

"Baba, ba kifin ba ne, man jirgin ne. Ɗazu da ka shigo na ji warinsa a rigarka, Inna ta faɗa mini ko na mene ne."

"Man da ya fi ki shekaru?"

"Ai matsalar kenan. Rana ba ta cinye shi, ruwa ba ya narkar da shi. Sauka yake ya kwanta a laka. Tsutsa ta ci, ƙaramin kifi ya ci tsutsa, babba ya ci ƙanana. Ba ya fita, taruwa yake a kitse. In na ci kitsen, ya bi nono." Ta nuna jaririn da haɓa. "Wannan ne na ƙarshe a layi."

Ya so ya ce su da suka ci me ya same su. Sai maganar tsohon ta faɗo masa, wai man nan ba ya mutuwa. Abin da suke yabo shekara da shekaru, shi yarinyar take tsoro. Ya juya ya fita.

Washegari ya tara maza suka ja jirgin tudu. Véronique mai bandar kifi, wadda ta daɗe tana sayen kamunsa, ta taho tana tafa hannu.

"Baba Oumar, ka yi ritaya ne? To ba ni katakon, itace ya yi wuya. Wannan da mai a jikinsa zai ci wuta kamar fetur."

"Ki yi bandar kifi da shi ki kai wa mutanen unguwar Djamboutou su ci? Madam Vero, ko tsinke ba za ki samu ba."

"Rowa dai! Ko gara mai cin katako ka hana ta, balle ni."

Ya ɗora jirgin a kan duwatsu bayan gida, ya yi masa rumfar kwano don kada ruwan sama ya wanke shi ya mayar tafki. Lakar lungun kuwa ba shi da yadda zai yi da ita, sai dai ya daina jefa taru a wurin.

Ya ari jirgin maƙwabci, mai yoyo, ya yi nisa cikin tafki, ya dawo da ƙananan karfasa marasa kitse. Kifin da tsohon zai ce na kyanwa ne. Aka dafa, aka kai wa Mardiya.

Da la'asar yana zaune gefen rumfar, warin katako na tashi, sai ya hango kwanon a ƙofar ɗaki, ƙaya kawai a ciki.