Muryar da Ba ta Cikin Kaset

Uwar da ta kame bakinta ga ɗanta saboda kunya, har ɗan ya ɗauka ta mutu, wa za a ɗora wa laifi? Ita, ko waɗanda suka koya mata kunyar, ko akwatin da bai san ɗaukar komai na mutum ba sai muryarsa? A unguwar masunta ta Madarumfa an sha tayar da zancen a bakin tabki ana gyaran koma, kuma har yau ba wanda ya kawo amsar da ta zauna.

Inde ce uwar. Mijinta Gwamna masunci ne, ita kuma tana bandar kifin da ya kamo. Ɗansu na fari, Inusa, ya bi hanyar arewa a shekarun da tawaye ya lalata hanyar Agadas, ya tsallake da ƙyar, ya sami aikin lambu a Sabha ta ƙasar Libiya. Shi bai yi lakkwal ba, wato makarantar boko, iyayensa ma haka, saboda haka kaset ne wasiƙarsu.

Duk lokacin da aka sami mai tafiya, sai a kira Maman mai gyaran rediyo ya zo da manyatonsa, akwatin ɗaukar murya, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Gwamna ne ke buɗewa da sallama, sai ƙanwarsa Kande, sai ƙannen Inusa, sai maƙwabta, kowa ya zuba gaisuwarsa da ƙorafinsa. Maman kan danna madannai biyu tare, ja da baƙi, wata 'yar fitila ja ta riƙa ƙyaftawa muddin murya na shiga. In harshen wani ya yi tuntuɓe, a mayar da zare baya a goge. In an gama, ya ɓalle 'yan kunnuwan kaset ɗin, don kada wani a hanya ya ɗora waƙa a kan maganar mutane.

Inde kaɗai ba ta taɓa magana ba. Tun ranar da ta haifi Inusa sunansa bai fito daga bakinta ba, "yaron nan" take cewa, kuma a ɗakin kakarsa ya tashi. Haka uwarta ta yi da ɗan farinta, haka aka san mace mai kunya. Idan Maman ya juyo da manyato wajenta, sai ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ɗauke mini abinka, Maman."

"Inna Inde, ko sannu ce ki ce mishi."

"Uwarka ta ce maka sannu a gaban mutane? Ɗauke."

Amma tana da dabararta. Da an fara ɗauka sai ta jawo turmi kusa da tabarma ta hau daka, tana lugude irin nata mai tsalle biyu. A ranta, yaron da ya girma da wannan sauti a kunnensa ba zai kasa gane hannun ba.

Sai kaset ya daina zuwa daga Sabha. Aka yi shuka, aka yi girbi, ruwan tabki ya fara ja da baya, shiru. Kowa a gidan yana iya cewa hankalinsa ya tashi, ban da Inde, domin damuwa da ɗan fari ma ba a nuna ta. Ta rame, ta ce zafin banda ne.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya yi sallama a ƙofar gida ya miƙa kaset daga Sabha a ƙunshe cikin leda. Kafin Maman ya iso da sababbin pil, wato batir, tsakar gidan ta cika. Inde ta zauna can gefe ta ba su baya, tana fere ƙayar kifi kamar abin bai shafe ta ba.

Zare ya fara juyawa. Aka ji iska, aka ji kukan injin ban ruwa daga nesa, sai murya ta yi sallama. Wuƙar ta tsaya a hannun Inde. Shi ne, da ransa, muryar ma ta ƙara kauri. Wani abu da ya daɗe a tokare a ƙirjinta ya sauka a hankali, har ta ji yunwa, ita da ta manta rabonta da marmarin abinci.

"Baba," in ji muryar, "ina yi muku gaisuwa. Allah shi jiƙan Inna, Allah shi sa ta huta."

 Kowa ya waiwaya ya dubi Inde.

"Ku daina ɓoye mini," Inusa ya ci gaba. "Kaset bayan kaset na saurara. Na ji kowa, har akuyar Gwaggo Kande na ji, ban ji Inna ba. Da farko na ce kunya ce. To akwai abokin aikina mutumin Safo, shi ma ɗan fari ne, amma uwarsa ko tari takan yi mishi don shi san tana nan. Na ji ana daka a bayan magana, amma daka kowace mace na yi. Kuma kada ku rantse mini. Ban manta ba lokacin da Kaka ta rasu, Baffa Audu yana Kumasi, muka yi ta aika mishi cewa zazzaɓi ne ke damunta, don kada shi taso a ruɗe. Ni da bakina na faɗa a kaset."

Muryar ta karye. Aka ji yana jan hanci, namiji mai gemu, a gaban duk wanda ke kusa da shi a can.

"Abin da ya hana ni aiko muku ke nan, ba ni da bakin magana. Na gaya wa mai lambu shi nemi wani. In kaset ɗin da direban nan zai komo da shi babu muryar Inna, zan kama hanya in zo in ga kabarinta."

Maman ya kashe manyato. Ba wanda ya motsa, sai Kande, wadda wasa tsakaninta da matar wanta ya fi shekarun Inusa. Ta tashi ta durƙusa a gaban Inde ta tafa hannu.

"Marigayiya, sannu da zuwa! Ya lahira? An ba ki masauki mai kyau?"

Dariya ta fashe, irin wadda mutane ke yi bayan tsoro ya wuce. Har Gwamna sai da ya share ido. Inde ma ta yi murmushi a cikin mayafi, ta kai wa Kande duka da bayan wuƙa. Amma hankalinta na kan wannan jan hanci. Ba ta taɓa sanin yaron zai yi mata kuka ba. Mutane ƙalilan ne ke jin makokinsu da kunnensu, ita ga shi ta ji nata, kuma ba ta san inda za ta ajiye daɗin da ya ba ta ba.

Direban, wanda aka ba fura a zaure, shi ya yanke dariyar. Ya ce jibi zai juya. Ya ce hanya ba ta da kyau, motoci sai sun taru sojoji sun raka su, kuma waɗanda ke biyowa ta bayan fage ba duka ke isowa ba.

Da mutane suka ragu, Gwamna ya zo ya tsuguna kusa da matarsa.

"Kin ji dai."

"Na ji."

"To?"

"To mi? Ka gaya mishi ina nan. Kai ne ubansa."

"Ya ce ko na rantse ba shi yarda. Kuma da gaskiyarsa, mu muka koya mishi."

"A ɗauki hotona a Maraɗi."

"Hoto ba shi faɗin ranar da aka ɗauke shi," in ji Maman, yana naɗe waya. "Cewa zai yi tsoho ne."

"A kira liman."

"Liman ne ya fara cewa a ɓoye wa Audu," in ji Gwamna.

Kande ta gyara ɗaurin zane. "Ku bar wahala. Ni zan yi muryarta. Shekara nawa ina jin faɗanta? Maman, danna."

Maman ya danna. Kande ta matse hanci ta ja murya: "Yaron nan, ni ce uwarka, ina nan da raina, kifi ma ya yi araha." Aka mayar aka saurara, yara suka faɗi ƙasa don dariya.

"Haka nake magana?" in ji Inde. "Kamar akuya ta haɗiyi ƙaya? Goge, Maman."

"Ai gaskiya na faɗa," in ji Kande. "Ba ki da ran ne?"

Inde ta kawar da kai. Maganar gaskiya ce, bakin ne na ƙarya, kuma ta san yaron da ya tsinci akuyar Kande a cikin hayaniya ba zai kasa tsintar Kande ba. Ranar da ya gane an yi masa muryar aro, ranar zai tabbata, ya ɗaure kayansa.

Maman ya goge. Bai tashi ba, ya zauna yana juya kaset a hannunsa.

"Inna Inde, in tambaye ki. Shi kike jin kunya, ko mu?"

Inde ta ce, "Nan gida cike. Can ma ɗaki cike da ƙarti, ya kunna kowa na ji. Gobe a ce matar Gwamna ta zauna tana hira da ɗan farinta, har Libiya an ji."

"To dubi nan." Ya nuna mata kaset ɗin, ya juya shi. "Fuska biyu gare shi. Ta farko ta jama'a ce, kowa shi yi surutunsa. A ƙarshenta Baba Gwamna shi ce, kada ka juya sai kana kai kaɗai. Ta biyu taki ce. In bar miki manyato a ɗaki, ki rufe ƙofa. In kin faɗi abin da bai yi miki ba, ga wanga madanni, ki mayar baya ki sake, na farko ya tafi ke nan. In kin gama ki ɓalle kunnen da hannunki, ki naɗe a leda. Ni kaina ba zan ji ba."

"Allah fa? Shi ma ka ba shi fuska ta farko?"

"Allah ya ji kukan yaron kafin mu ji," in ji Gwamna a hankali.

Inde ta tashi ta ɗauki kwandon kifinta. "Ni ban ce zan yi ba."

"Ba ki ce ba," in ji Maman. Ya shiga ya ajiye manyato a kan gadonta duk da haka, ya nuna mata ja da baƙi daga bakin ƙofa, ya tafi.

Washegari aka cika fuska ta farko. Kande ta ba Inusa labarin yadda marigayiya ta cinye tuwo kwano guda bayan ta ji ta'aziyyarta. Gwamna ya rufe da abin da aka shirya. Bayan azahar ya ɗauki komarsa ya nufi tabki, ko da yake ba lokacin kamun kifi ba ne. Kande ta kwashe yara ta ce a zo a taya ta ɗiban tumatir a lambu. Gidan ya zama ba kowa sai kaji.

Inde ta share tsakar gida da ba ta da datti. Ta duba banda. Ta wanke hannu, ta sake wankewa. Sannan ta shiga ɗaki ta saki labule, ta zauna a bakin gado, akwatin na gefenta.

Ta tuna uwarta, wadda ta rasu ba ta taɓa duban ɗan farinta ido cikin ido ba, kuma kowa ya yabe ta a kan haka. Amma ɗan farin uwarta a bayan katanga yake kwana. Kullum da safe yana ganin hayaƙin murhunta, yana jin tana faɗa da kaji. Shirun da aka yi masa shiru ne na wadda ake gani. Wanda ke Sabha ba shi da hayaƙi, ba shi da katanga, abin da zare ya kai masa kawai yake da shi.

Ta sa yatsu biyu ta danna. Zare ya fara juyawa. Ta zauna tana kallonsa, bakinta a rufe, tana jin numfashinta. 'Yar fitilar ba ta ƙyafta ba. Ga ta zaune da ranta da lafiyarta, tazarar hannu ɗaya, amma a wurin akwatin ɗakin ba kowa.

Ta yi gyaran murya. Fitilar ta yi ja ta mutu.

Wannan ya isa, in ji wata zuciyar, tari ne uwar mutumin Safo take yi. Amma tari ma Kande na iya yi. Ta matso da bakinta kusa, ta sauke mayafin.

"Kai, yaron nan," ta ce, fitilar ta kama, ta tsaya da haskenta. "Ni ce. Wa ya ce maka na mutu? Ka zauna inda kake, ka ji ko? Ka koma ka ba mai lambu haƙuri. Kuma dakan da ka ce kowace mace na yi, nawa ne, marar kunne kawai."

Ta tsaya ta saurara. Ba kowa a waje sai kaji. Zare da sauransa da yawa, sai ta gyara zama, ta fara tambayarsa abin da yake ci a can.