Foldar da Aka Hana Bincike Shiga

A ofishinmu akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: abin da akwatin bincike na kwamfuta bai nuno ba, to babu shi. Manaja ne ya kafa ta. Shekara shida ina sakatariya a wannan kamfanin gine-gine ban taɓa musa masa ba, don ni ma raguwa ce wajen buɗe folda ɗaya bayan ɗaya.

Ni na ja ƙanwata ta kama haya a sabon benenmu, hawa na uku, can sama. Mijinta kuwa mutum ne mai shegen bin diddigi. Ya ga tsaga a bangon matakala, ya kafe sai na kawo masa rahoton injiniyan da ya duba ginin. Na rubuta sunan benen a akwatin bincike ya fi sau goma. Hotuna suka fito, wasiƙu suka fito, rahoto ko alama.

"Malama, da akwai matsala ai da kin gani," in ji Manaja. "Filasta ce kawai."

Na juye wa mijin ƙanwata wannan magana har da ɗan tsaki. Suka sa Talata ranar tarewa.

Talatar da hantsi mai gyara ya zo, wani dattijo mai tabarau, saboda kwamfutata ta yi nauyi. Manaja ya fita. Dattijon yana cikin latse-latsensa sai ya tsaya.

"'Yata, wa ya saita miki binciken nan?"

"Haka na same shi, Baba."

Ya juyo mini da allon. Ashe akwai jerin wuraren da bincike ke leƙawa, akwai kuma jerin waɗanda aka hana shi shiga. A na biyun folda ɗaya ce tal, an sa mata suna Tsofaffi.

"Shi bincike ba ya musu, inda aka aike shi nan yake zuwa," ya ce. "Wannan kuwa ba ta shiga nan da kanta ba. In cire ta?"

Na ce ya cire. Ya kuma saita binciken ya riƙa karanta cikin fayil, ba suna kaɗai ba, ya ce in jira minti ashirin kafin in sake gwadawa, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Na zauna ina kallon ƙofar Manaja a rufe. Na ji tsoro ƙwarai, tun ban san na mene ne ba.

Na sake rubuta sunan benen. Wani fayil da ban taɓa gani ba ya hau kan jerin, shafi biyu, da sa hannun injiniyan nan da ya bar aiki bara ba sallama. Ya rubuta cewa ƙarfen ginshiƙai biyu bai kai ba. Kada a cika tankin ruwan da ke kan rufin sai an yi gyara. Idan ginin ya fara motsi, alamar farko ita ce ƙofofi za su cije.

Ba a yi gyaran ba. Da an yi, ni zan buga wasiƙar.

Nan take na kira ƙanwata. Sai a kira na uku ta ɗauka, muryarta cike da murna.

"Yaya! Mun gama shigar da kaya, wallahi gidan ya yi."

"Ƙarar mece ce nake ji?"

"Injin ruwa ne. Tun safe ake cika tanki, an ce saura kaɗan."

"Ki ce a kashe shi yanzu! Ku sauko ƙasa, dukanku. Ina yara?"

"Suna ɗakinsu. Ke Yaya, bari in kira ki anjima, babansu nake nema. Ƙofar ɗakin ce ta ƙi buɗuwa, kuma ɗazun nan fa lafiyarta ƙalau."