Dogonyaro a Lungun Kwantiro

Ranar da aka sanar wa mutanen lungun su Muniratu cewa su ne kwantiro, sai da aka rangaɗa guɗa. Ba laifinsu ba ne. A unguwar Maamobi kowa ya san kalmar: mai kwantiro shi ne mai riƙe da sitiyari, shi ake tambaya kafin a motsa. Ga masana sun taso daga jami'a da farar mota, sun tara jama'a a ƙarƙashin rumfar haya, sun ce za su yi bincike a kan itatuwa da zafin gari. An zaɓi lunguna biyu. Na bayan masallaci za a dasa masa itatuwa, wannan kuwa shi ne kwantiro. Onarabul Zulkarnaini, wakilin unguwa a majalisa, ya miƙe ya yi godiya a madadin al'umma, tun da an ga cancantarsu an damƙa musu ragamar aiki. Shugaban masanan, Dokta Ziblim, ya buɗe baki zai gyara zancen, tafi ya rufe muryarsa, ya haƙura.

Sai da ruwan farko ya sauka gaskiya ta fito. Lungun bayan masallaci ya sami dashe jere reras, kowanne da kejin waya saboda awaki. Lungun kwantiro ya sami wata 'yar farar na'ura, kamar an kife faranti a kan faranti, aka ɗaure ta a jikin falwayar da ke ƙofar gidan su Muniratu. Da ta tare Dokta Ziblim ta tambaye shi yaushe nasu itatuwan za su iso, sai ya yi mata bayanin da tafi ya hana shi yi. Kwantiro shi ne wurin da ake bari yadda yake, don a sami abin kwatantawa. Shekara biyar ba za a dasa komai a lungun ba. Na'urar za ta riƙa auna zafi. In lissafi ya nuna itatuwa na sanyaya unguwa, masu ba da tallafi za su dasa wa Zongo duka, wato unguwannin talakawa irin tasu, su kuma 'yan lungun su ne a sahun gaba.

"Wato mu ne majinyacin da ba za a ba magani ba, don a ga ko maganin na ci," in ji Muniratu.

"Ba haka ba ne daidai, Mma."

"Amma kusan haka ne."

Dokta Ziblim mutum ne da karatu ya hana shi iya ƙarya. Ya ce, "Kusan haka ne."

Muniratu tana sayar da koko da ƙosai a mahaɗar Kawukudi, daga asuba zuwa hantsi. Mijinta Sayibu direban torotoro ne a da, motar haya mai jigila tsakanin unguwannin Nima da Madina, har ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ma ya yi nauyi. Ɗakinsu ciki ɗaya ne, rufin kwano, bangonsa na fuskantar yamma. Daga azahar zuwa la'asar, in ka sa ƙullu a ciki zai fito burodi. Saboda haka kullum takan fito da shi ƙofar gida a kan kujerar roba, inda akwai iska amma babu inuwa. Ta gwada lema, iska ta tafi da ita. Ta gwada rumfar buhu, masu baro suka ce ta tare hanya.

Wata rana ƙawarta Fusena, wadda Allah ya yi wa arzikin zama a bayan masallaci, ta kawo mata ɗan dogonyaro a gwangwanin tumatir. Ba na masanan ba ne, a gefen kwata ya tsiro da kansa. Muniratu ta fasa siminti da taɓarya a gindin bango, ta dasa shi, ta kewaye shi da tsohon kwando. Ruwan wanke tukunyar koko shi ne abincinsa. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma yi shela ba. Maƙwabta suka gani suka kawar da kai, don kowa ya ɗauka akuya za ta yanke hukunci.

Akuya ba ta samu dama ba. Dogonyaro ya bi sunansa. A damina ta uku ya wuce indararo, ya buɗe rassa, inuwarsa ta rufe kujerar Sayibu daga kai har gwiwa. Kurciya ta yi sheƙa a sama. Sayibu ya samu aikin yi, yana bin ta da ido, in ta sauka ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna wa duk mai wucewa, kamar shi ya hore ta.

Sai dai inuwa ba ta karatu, ba ta san iyakar bincike ba. Babban reshen da ya rufe Sayibu shi ne ya rufe farar na'urar. Can a jami'a aka ga abin mamaki: lungun da ba a yi wa komai ba yana ta sanyi, har yana neman kamo wanda aka kashe wa dashe. Wata ɗaliba da aka aiko ƙidayar tsuntsaye ta koma da rahoton kurciya a inda bai kamata a ga ko ƙadangare mai hankali ba. Dokta Ziblim ya zo da kansa. Ya tsaya a bakin lungu, ya ɗaga kai, ya daɗe bai sauke ba.

"Mma, sannu da gida. Yaya mai jiki?" Hausarsa ta kasuwa ce, irin ta rabin unguwar, wadda ba ta raba mace da namiji. "Kai ne ka dasa wannan?"

"Ni ce."

"Ka san an yi alkawari."

"Onarabul ya yi alkawari. Ni ranar ƙosai nake juyawa."

Ya zauna a kan bencin da ta tura masa, ya yi mata magana ta hankali, abin da ya fi zagi wuyar amsawa. Ya ce shi ma ya san zafin kwano, a irin ɗakin nan ya girma a Arewa. Ya ce shekara da shekaru ana tsara birnin nan, unguwannin masu hali su sami lambu da ciyawa, Zongo ya sami kwata. Duk lokacin da ya je neman a gyara, sai a ce ina hujja. To ga hujjar yana haɗawa, saura kaɗan, itacenta na cinye ta.

"To matsar da farantinka," ta ce. "Ga falwaya can gaba."

"In na matsar, awon baya duka ya lalace. Dole wuri ɗaya daga farko har ƙarshe."

"Shi ma maigidan wuri ɗaya yake daga farko har ƙarshe."

"A rage reshe ɗaya kawai, wannan babban."

"Duba ƙasa ka ga wa ke ƙarƙashinsa."

Dokta Ziblim ya duba. Sayibu ya nuna masa kurciya.

Da lallashi ya ƙi, sai aka koma ga al'umma. Onarabul Zulkarnaini ya bi gida-gida yana bayani cewa mace ɗaya za ta jawo wa lungu asarar itatuwan da aka yi musu alkawari. Mutanen da suka saba rage tafiya in sun iso inuwar, suka gano ashe sun daɗe da tsanar dogonyaron. Wata ta ce saiwarsa za ta fasa mata bango. Wani ya ce itace irin wannan aljanu ke so. Wata kuma ta ce ganyen na toshe kwata, kwatar da tun kafin a haifi itacen leda ta gama da ita. Aka aiko wa Muniratu cewa za a yi zama a kan maganar bayan isha'i.

"Bayan azahar," ta ce wa ɗan aiken. "A ƙofata. In ba haka ba, su zauna su yanke, ni ban ji ba."

Suka zo bayan azahar, rana na dukan kwano har ido ba ya iya kallonsa. Onarabul ya zo da babbar riga, da Razak kafinta a bayansa riƙe da adda, wai ko za a cimma matsaya. Kafin a buɗe taro da addu'a, kowa ya riga ya cusa kansa ƙarƙashin itacen, kafaɗa na gogar kafaɗa, har ana taka ƙafar Sayibu.

Muniratu ta fito ta ɗaura zane a ƙugu. "Sharaɗina ɗaya ne. Inuwar nan tawa ce, ni na shayar da ita. Duk mai son a sare, ya fita rana ya faɗi hujjarsa, ina saurare. Wanda ya tsaya a ciki, na ɗauka yana tare da ni."

Aka yi dariya, sannan aka ga ba wasa take ba.

"Haba Mma Muni, wannan ai ba tsarin taro ba ne," in ji Onarabul.

"Ai ba majalisa muke ba, Onarabul. Bismilla, ga fili."

Ya fita, don mutunci. Ya fara da tarihin ci gaban unguwa tun zaɓensa na farko. Kafin ya iso zaɓe na biyu, zufa ta zana taswira a bayan rigarsa. Ya ce zai taƙaita. Ya taƙaita, ya dawo ciki yana cewa shi uban kowa ne, bai kamata a gan shi a ɓangare ɗaya ba. Mai maganar bango ta fita, ta ce abin da za ta ce cikin numfashi ɗaya, ta dawo da gudu tana ɗaga ƙafa, don silifas ɗinta sun yi laushi. Mai aljanu ya ce daga inda yake ma ana jin sa.

"Cale, abokina Razak, kai fa?" wani ya tsokane shi. "Kai da ka zo da makami."

"Ni haya aka yi ni," in ji Razak, yana fifita da hularsa. "Ba a ce mini da tsayuwar rana ba."

Mutum ɗaya ne ya fita bai dawo ba. Dokta Ziblim ya tsaya a tsakiyar lungu, ba hula, ba lema, ya faɗi maganarsa daga farko har ƙarshe. Ya yi maganar tsofaffi irin Sayibu da ke kwance a ɗakunan kwano daga Nima har Madina, waɗanda ba su da mai fasa musu siminti. Ya yi maganar yaran da ba su taɓa ganin malam-buɗe-littafi a unguwarsu ba. Ya ce itace ɗaya a yau zai iya hana dubu gobe. Zufa na shiga masa ido, bai share ba. Jama'ar da ke cikin inuwa suka kasa kunne, don sun ga mutumin ya yarda da abin da yake faɗa, abin da ba kasafai ake gani a taro ba.

Muniratu ta saurare shi har ya dasa aya. Ta shiga ciki ta ɗebo ruwa a kofi, ta fita ranar ta miƙa masa da hannu biyu.

"Dokta, ban ce ƙarya kake ba. Amma aikin nan naka inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Ka ce a jira. Dubi maigidan da kyau ka gaya mini, kai da ka yi karatu, shekara nawa gare shi na jira?"

Ya sha ruwan.

"In ba a sare ba, dole in cire lungun nan daga bincike," ya ce a hankali. "Alkawarin sahun gaba ya tafi ke nan. Kuma ban sani ba ko sauran aikin zai tsaya da ƙafarsa."

"Na ji."

"Zongo duka zai iya rasawa, Mma. Ba ka damu ba?"

"Na damu. Ba zan sare ba."

Hayaniya ta tashi. Mai bango ta ce Allah ya isa tsakaninsu da ita. Onarabul ya ce za a ji daga gare shi a rubuce. Muniratu ta ja benci ta zauna kusa da mijinta, ta jingina bayanta da jikin itacen, ta ce wa Razak in an biya shi ya fara ta inda ya ga dama. Razak ya dubi addarsa, ya dubi matar da ya sha kokonta tun yana koyon riƙe zarto, ya ce shi yana da ƙofar da zai kai wa wani a unguwar Malam kafin magariba.

Ɗaya bayan ɗaya suka watse, ba wanda ya yi mata sallama. Ta san gobe rabin lungun zai gano cewa kokon wata ya fi nata daɗi.

Dokta Ziblim ya aro tsani daga shagon mai gyaran rediyo, ya jingina da falwaya don ya kwance na'urarsa. Tsanin tsoho ne, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya, yana hawa yana rawa. Muniratu ta tashi ta riƙe masa da hannu biyu, ta danne matakin ƙasa da ƙafarta. Kansa ya shige cikin ganye, tana jin yana fama da waya.

"Taka a hankali, Dokta," ta ce. "Kada ka karya mini reshe."