Baƙin Man Motar Fannami

Ni dai ban ce a gina mini gida ba, ban ce a ba ni kujerar Makka ba. Jarka guda ce ta baƙin mai, wanda mota ta riga ta gama cin moriyarsa, ita ma sai da aka yi mini ƙwace. Ku saurara ku ji, in ya so ku yi hukunci da kanku.

Sunana Ari. Noman rani nake yi a fadama bayan garin Hadejia, inda kogi ke barin laka in ya ja baya. Alhaji Fannami kuwa, wanda yanzu tireloli ke kwasar shinkafarsa zuwa Kano, tare muka tashi. Kakanninmu tare suka baro Barno, gidajenmu katanga ɗaya. Tare muka yi su a kogi, tare muka sha bulalar malam. Allah ya buɗa masa, ni ya bar ni da fartanya, kuma wallahi wannan bai taɓa hana ni barci ba. Abu ɗaya na riƙe: duk ranar da aka yi wa wata motarsa juye, tsohon man nawa ne. Tun yana da akori-kura guda haka muke.

Wanda ba manomin fadama ba ne zai ce mene ne abin so a ƙonannen mai. To, shi nake tacewa da tsumma in zuba wa injin ban ruwana, shi nake shafa wa kwalekwale, shi nake shafa wa azara saboda gara. Amma ba nan gizo ke saƙar ba. In na ratsa unguwa da jarkar nan ɗaure a bayan keke, kowa ya san daga inda na fito. Sai ka ji ana cewa, "Ga na hannun daman Alhaji nan." Mai neman aiki a wurin Fannami ni yake fara gaisarwa, har da rusunawa.

Bayan kaka Fannami ya sayo wata mota Bajamushiya, baƙa wul, cikinta dab da ƙasa, bakin salansar fitar hayaƙinta har huɗu. In ya taka ta a titin Kano, kafin ka ce kwabo ta ɓace. Na faɗa masa gaskiya, na ce, "Alhaji, wannan ba motar fadama ba ce." Ya yi dariya. Ba a jima ba kuwa ta kafe a taɓo a hanyar gonarsa ta wajen Kirikasamma. Ranar ni na tafi ta'aziyya. Wa Allah zai jefo? Shu'ibu, maƙwabcina a gona, mutumin da jiya-jiyan nan ya zo daga Jahun da amalankensa. Ya kwance shanunsa ya ɗaura igiya, suka fizgo motar.

Shi ke nan fa. Daga ranar Shu'ibu ya tare a ƙofar gidan Fannami. Ka je da hantsi yana nan, ka je bayan la'asar yana nan, yana goge gilashin mota da bakin rigarsa. "Ranka ya daɗe" kuwa ta fi ƙarfin ƙirga. Ni da na san Fannami tun yana yawo ba wando, sai in zo in tarar an riga ni tabarma. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Da lokacin juyen sabuwar motar ya yi, Fannami bai kai ta garejin da muka saba ba. Bakanike ya ɗauko takanas daga Kano, wani mai suna Zaharaddeen, ya zo da kayan aikinsa da galan biyu a cikin kwali. Na iso da jarkata kamar kullum, na ajiye ta a gindin darbejiya. Shu'ibu na tsugune a gefe, ya zuba wa bakaniken ido.

Zaharaddeen ya buɗe galan ɗaya. Na ce ya ɗiga mini a yatsa. Na murza, na ji shi tsalala, ba kauri ko kaɗan, ga shi garau kamar man gyaɗa.

Na ce, "Alhaji, wannan ruwan za a zuba wa motar miliyoyi? A zafin Hadejia? Wannan ai man ƙasar sanyi ne. Mu nan mai kauri muka sani, wanda in ka ɗaga yatsa yana bin ka. Ka bari in je in samo maka na gaske."

Zaharaddeen ya yi murmushi, ya ce, "Baba, wannan injin ba irin na da ba ne. Hanyoyin man cikinsa ƙanana ne ƙwarai. In aka zuba mai kauri, kafin ya zagaya ko'ina ƙarfe ya ci ƙarfe. Wannan shi kamfanin ya ce a sa mata, kuma zafi ba ya sa shi lalacewa da wuri. In aka zuba shi, sai a yi watanni ba a sake ba."

Shu'ibu ya yi caraf ya ce, "Allahu akbar! Watanni!" Kai ka ce shi ya ƙera man.

Fannami ya dafa kafaɗata ya ce, "Mutumina, bar masu abu da abinsu. Yi mini wani taimakon. Baƙonmu ba zai bar Hadejia bai ci kifi ba, kuma ba wanda ya kai ka iya zaɓen tarwaɗa. Je kasuwa ka samo mana."

Na tafi, don ba na yi masa musu a gaban mutane. Na zaɓo banda mai kyau, na dawo ina gumi. Na tarar an ɗaga motar, an kwance notin ƙasan inji, an sake filta, har an zuba sabon mai ana duba sandar awo. Jarkata na nan a gindin darbejiya, wayam. Shu'ibu kuwa na tsaye rungume da wata jarkar, yana toshe bakinta da leda.

Na leƙa robar da aka tara man. Ɗan abin da ya rage a ciki ko baƙi bai gama yi ba, ja-ja ne kamar zuma. Tun da nake karɓar tsohon mai ban taɓa ganin mai kyan wannan ba.

Na ce, "Alhaji, man fa?"

Ya ce, "Af! Shu'ibu ne ya roƙa, ya ce injinsa na bukata. Kai ai kana da sauran na tirela, ko? Wani karon sai ka ɗauka."

Ya faɗe shi ne kamar goro ya bayar. Na ce, "Ba komai." Amma akwai komai. Na tura kekena gida da jarka ba kome a ciki, tana ƙwal-ƙwal a bayana, duk mutanen unguwa suna ji. Shu'ibu kuwa ta bakin masallaci ya bi da tasa, don kowa ya gani.

Matata Saude ta dube ni, ta dubi jarkar, ta ce, "Malam, yau rijiya ta ƙafe ne?" Na ce ta kiyaye ni. Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Amma dattijo da furfura yana kumburi a kan ƙonannen mai, wannan ko a tatsuniya." Tuwon ranar ban ci ba.

Washegari a fadama Shu'ibu ya juye man da ke cikin tsohon injinsa, ya ɗura na motar Alhaji. Ya ja igiya, inji ya tashi. Ya ƙwala mini kira daga kan kunya: "Malam Ari, ka ji sauti? Man Jamus ke nan!" Har ya tsallako da 'yar kwalba, wai ya ɗibar mini in ɗanɗana wa nawa injin. Ni Ari, Shu'ibu ne zai sammini man Fannami! Na ce na gode, nawa bai saba da cin daɗi ba.

Tun a ranar na ga hayaƙin. Shuɗi-shuɗi yake fita ta salansar injinsa, ba yawa, amma ba ya tsayawa. Na yi shekaru ina fama da injunan nan, na san ma'anarsa. Injin Shu'ibu tsoho ne, zoben ƙarfen cikinsa da ake kira ringi ya gama cinyewa, mai kauri ne ke rufa masa asiri. Wannan tsalalan kuwa zarcewa yake yi yana ƙonewa tare da fetur. In ba a duba ana ƙarawa ba, wata rana za a wayi gari ba ko ɗigo a ciki.

Shi kuwa gogan ya daina dubawa. Na ji shi da kunnena yana gaya wa masu kamun kifi cewa bakaniken Kano ya ce sai an yi watanni ba a taɓa shi ba. An yi maganar motar miliyoyi, shi ya ɗauka har da gwangwaninsa.

Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna ƙarar jarkata a bayan keke. Na ce, Ari, kada ka shiga sharo ba shanu. Wanda ya iya roƙon mai ai ya iya duba shi. Kullum ina ban ruwa ina satar kallon hayaƙin nan, yana ƙara kauri, ni kuwa zuciyata tana ƙara sanyi.

Shinkafa ta yi ciki, lokacin da ba ta haƙurin ƙishi ko na yini biyu, sai abin ya faru. Da rana tsaka na ji ƙwanƙwasa daga gonarsa, kamar ana dukan garwa da guduma, sai kuma tsit. Inji ya buga. Shu'ibu ya ja igiya har ya gaji, ko motsi. Ya zauna a kan kunya ya dafe kai yana salati.

Na je na yi masa jaje yadda ya kamata. Na ce, "Ayya, Allah ya mayar da alheri." A raina kuwa kalangu ake kaɗawa. Ban ko tsaya kashe nawa injin da kyau ba, na hau keke sai gidan Fannami, don kada wani ya riga ni kai labari.

Na same shi a zaure. Na ce, "Alhaji, ka ji abin da ya sami mutumin naka? Man nan da ya rungume, ya kashe masa inji. Shi ya sa tun farko abu ake ba wanda ya san kansa."

Na zaci zai yi dariya ya ce lallai Ari, na yi kuskure. Ina! Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Innalillahi! Man motata ne ya jawo masa? Ga shinkafarsa ta yi ciki?" Ya girgiza kai. "Bawan Allahn nan ya fitar da ni daga taɓo, ni kuma na jefa shi a ciki. Wannan hakki ne a wuyana."

Na ce, "Alhaji, ai gangancinsa ne."

Ya ce, "A'a, laifina ne da nake raba wa mutane guba da sunan kyauta. Daga yau na daina. Duk man da aka juye daga motocina, bakanike ya tafi da abinsa, kada a ƙara ba kowa."

Na ce, "Kowa?"

Ya ce, "Kowa, mutumina. In naka ya buga gobe, da wane ido zan dube ka?" Ya miƙe ya ɗauki makulli. "Tashi mu ɗauko Shu'ibu mu je kasuwa. Sabon inji zan saya masa yau ɗin nan. Kai ka san inji, kai za ka zaɓa."

Haka aka yi. Muka shiga shagon masu injuna, Fannami a damana, Shu'ibu a haguna yana share hawaye. Na so in nuna wani ƙarami mai araha, amma Fannami ya kafe ni da ido, ya ce, "Wanda za ka saya wa kanka, shi za ka nuna." To ya zan yi? Na ɗora hannu a kan wani ja mai babban baki, wanda ko a mafarki ban taɓa ganin kaina da shi ba. Aka haɗa masa da sabon tiyo da galan na sabon mai, mai kauri, irin wanda na ce tun farko. Ni na kama masa muka sa a but. Ni kuma na ɗaura masa shi a bakin ruwa, don Fannami na tsaye yana kallo.

Da Saude ta ji, sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Ta ce, "Malam, an ce hassada ga mai rabo taki ce, amma kai har da ban ruwa ka yi masa." Na ɗauki fartanyata na fice.

Yanzu kullum da sassafe injin Shu'ibu ke fara tashi, ja ɗaya, ruwa na bulbula kamar an fasa madatsa. Kafin rana ta yi zafi ya gama, ya wanke ƙafa, ya sa farar riga ya nufi ƙofar gidan Fannami. Ni ina nan ina jan igiyar nawa, yana tari yana mutuwa.

Jiya da Shu'ibu zai wuce ya tsaya a kaina, ya dubi shinkafata da ta fara lanƙwasa ganye. Ya ce, "Malam Ari, in ka gaji da wahalar nan ka yi magana, in juyo maka da tiyo. Alhaji ya ce in riƙa kula da kai."